Amon Ƙwarya da Kunnen Waya

Akwai kayan kiɗan da aka ƙera don kiɗa, akwai kuma waɗanda ake arowa daga wurin cin abinci. Kalangu da kotso da taushi, tun suna hannun masassaƙi an san inda suka dosa. Ƙwarya kuwa, babu wanda ya taɓa shuka duma da niyyar kiɗa. Ana fafe ta ne domin fura da nono, domin awon hatsi, domin kwaɓa gari. Sai ranar biki a kife ta a tsakar gida ta yi aikin ganga, washegari a wanke ta a mayar da ita ragaya kamar ba ita ce ta hana unguwa barci ba. Wannan zaman aro da take yi a fagen kiɗa shi ya sa ba mu taɓa yi mata kallon abin nazari ba, shi ya sa kuma take janyewa daga bukukuwan Jega da Aliero da Maiyama ba tare da wani ya ce uffan ba.

Abin da ya sa muka tayar da maganar yanzu wasu bidiyoyi ne da ke yawo a wayoyinmu. Za ka ga Bature ya jera kofunan gilashi talatin ko fiye a kan tebur, ya jiƙa yatsa yana zagaya bakinsu, sai wani amo siriri ya tashi kamar ana busa sarewa daga cikin rijiya. Ana ta tura wa juna ana jinjina kai. Jinjinawar tana kan hanya, domin abin akwai daɗin ji. Inda muka tsaya shi ne, mai jinjina kan nan a gidan da ake gyara amon ƙwarya da ruwa ya tashi, bai kuma taɓa kiran wancan fasaha ba.

Kofunan da ake wannan kiɗa da su na giyar inabi ne, masu doguwar ƙafa ɗaya da bango siriri. A yankunan noman inabi na Faransa da Jamus da Italiya, watannin Satumba da Oktoba su ne kakarsu: a tsinke inabi, a matse, a ɗura a manyan gangunan katako, gari ya cika da baƙi da ciye-ciye. Duk inda mutane suka zauna da irin wannan kofi a gabansu, ba a rasa mai ƙwanƙwasa shi ya ji ya amsa, ko mai goga masa jiƙaƙƙen yatsa ya ji ya yi kuka. Makaɗan kuwa ruwa suke zubawa a ciki. Abin da suke nema a kofin shi ne sirantar bangonsa da ƙafar nan da take barin cikinsa ya kaɗa ba tare da hannu ya danne shi ba. Yatsa yana kama bakin yana zamewa, yana kamawa yana zamewa, sau ɗaruruwa a sakan guda, kamar yadda bakan goge yake yi wa tsagiya bayan an shafa masa ƙaro. In ka ƙara ruwa amon ya yi kauri, domin gilashin yana jan nauyin ruwan tare da shi. In ka rage, amon ya haura sama.

Turawa ba su bar abin a matsayin wasan bayan cin abinci ba. A 1746 Gluck, wanda ya yi suna a kiɗan opera, ya yi wasa a Landan da kofuna 26 da aka daidaita da ruwa. A 1761 Benjamin Franklin, wannan da hotonsa ke jikin takardar dala ɗari, yana zaune a Ingila ya ga wahalar jera kofuna da auna ruwa kullum. Sai ya sa aka yi masa kwanonin gilashi 37, kowanne da girmansa, aka soke su a sandar ƙarfe guda ana juya ta da ƙafa kamar keken ɗinki. Ruwa ya fita daga lissafin, sai ɗan na jiƙa yatsa. A 1791, shekarar da ya rasu, Mozart ya tsara kiɗa musamman saboda wata makauniya gwanar wannan na'ura, Marianne Kirchgessner. Daga nan tauraron ya fara dushewa. Muryar gilashi ba ta iya cika manyan zaurukan kiɗa, ga kuma raɗe-raɗin cewa tana taɓa ƙwaƙwalwar mai yi da mai saurare. A 1835, da Donizetti zai fitar da wasansa Lucia di Lammermoor a birnin Naples, ya tsara wurin da jarumar ta zauce domin kiɗan gilashi, amma aka ƙare da sarewa a madadinsa. Kiɗan bai canza a takarda ba, bakin da ya faɗe shi ne ya canza. A riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi a sutudiyoyin Kano.

Mu nan ƙasar Gwandu ba mu da gonar inabi, amma muna da namu juyin shekara, kuma kiɗanmu yana bin sa sau da ƙafa. Garuruwan uku a kan hanya ɗaya suke, wadda ta taso daga Sakkwato ta Tambuwal, ta ratsa Aliero, ta faɗa Jega inda ta haɗu da ta Birnin Kebbi, sannan ta gangara Maiyama ta nufi Koko da Yawuri. Da damina kowa yana gona, biki sai na dole. Da kaka ta yi, gero da dawa suka shiga rumbu, shinkafar fadamar gulbin Zamfara ta zo gida, sai a fara jin guɗa nan da can. A Aliero kuwa akwai kaka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi a aljihu. Ana dashen albasa da shigowar sanyi, a yi ta ban ruwa cikin hazo, a cire ta wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Wani ya sayar nan take ga manyan motocin da ke lodi zuwa kudu, wani ya jibge a rudu yana jiran ta yi tsada. Duk ɗan garin ya san ranar ɗaurin aure da farashin buhu ba sa rabuwa. In albasa ta yi kuɗi, daga Sabiyal har Kimba ba ka rasa gidan da aka kafa tukunya. In ta faɗi ko ta ruɓe a rudu, a ɗaga biki zuwa baɗi.

Ita ma ƙwaryar 'yar wannan juyi ce. Duma yana yaɗo da damina, ya hau danga ko rufin ɗaki, a bar shi sai igiyarsa ta bushe. A fafe shi, a jiƙa cikin ya ruɓe, a kankare, a shanya. Lokacin da sabuwar ƙwarya ta bushe ƙayau ta shigo kasuwar Jega, lokacin ne bukukuwa suke kankama. Kuma iskar hunturu tana ƙara mata kaifin murya, kamar yadda raɓar damina take dusashe ta. Ƙwarya ɗaya, hannu ɗaya, amma abin da za ta faɗa a Janairu daban da na Agusta. Mai kalangu yana da tsarkiyar da zai matse ya gyara. Mai ƙwarya ba ta da wannan, sai dai ta zaɓi wata daga cikin jere, ko ta koma ga ruwa.

Komawa ga ruwan nan ita ce zuciyar kiɗan. Ana samun masaki ko daro ko baho a zuba ruwa, a kife ƙwarya a kai ta yi iyo. Iskar da ta maƙale tsakanin ruwa da cikin ƙwaryar ita ce take zama kamar katifar da bugu ke sauka a kai. Ka buga, ƙwaryar ta ɗan nutsa, iskar ta matsu ta turo ta sama, ruwan ya amsa daga ƙasa. Abin da ke fitowa wani dum ne mai zurfi wanda ƙirji yake riga kunne ji. Babbar ƙwarya mai riƙe iska da yawa ta fi kauri. In amon bai yi wa makaɗiya ba, sai ta ɗan karkata gefe wata iska ta fice, ko ta ɗaga ta sake kifawa, ko a ƙara ruwa a daron. Daidaita amo ke nan, irin wanda Gluck ya yi da kofunansa, illa dai shi an buga masa sanarwa a jarida, ita kuwa an ce da ita ta yi sauri amarya na jira. Ba mu kaɗai muke da wannan ba. Buzaye suna da irinta, ana kuma samunta a wurare da dama na Afirka ta Yamma. A Indiya akwai jal tarang, inda ake jera kwanonin tangaran da ruwa ana bugunsu da 'yan sanduna.

Ƙwaryar ruwa ba ta tafiya ita kaɗai. A gefenta akwai busassun da aka kife a ƙasa ko a kan tsumma, manya da ƙanana, wasu ana bugunsu da tafin hannu, wasu da 'yan sanduna, wata ma zobban yatsunta take sa wa aiki. Ƙananan suna saƙa a sama, ƙwas-ƙwas, ba hutu. Matsakaita suna cike gibi. Ta ruwa tana sauka jefi-jefi, kamar dattijuwar da ba ta cika magana ba amma in ta yi an gama. Ga shantu a wasu gidajen yana fitar da nasa numfashin a kan cinya, ga tafi, ga guɗa. Kowace makaɗiya ɗan guntun zance take riƙe da shi, ba mai iya fitar da kiɗan ita kaɗai. Daɗin yana cikin yadda guntayen suke shiga tsakanin juna kamar yatsun hannu biyu.

David Ames da Anthony King sun lissafa irin waɗannan kaya a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, amma lissafi daban, sauraro daban. Wanda ke son ya ji inda wannan fasaha ta kai, ya nemi tsofaffin faya-fayan Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. An yi magana da yawa kan bakinta: yadda take zuga mata su kama sana'a, yadda take taɓa kishi da haihuwa ba tare da sunkuyar da kai ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin matan da ke zaune a bayanta. Ka saurari waƙa guda daga farko har ƙarshe. Saurin da aka fara da shi ba shi ake ƙarewa da shi ba. Kiɗan yana ɗumama a hankali, in fili ya ɗauka su ƙara wuta, in ta shiga wata doguwar magana su sassauta su ba ta hanya. Bugun da ya zo a baiti na uku ba ya zama kwafin na baiti na farko, domin hannu ya yi gumi, wata ta shigo tana liƙi, an kira sunan wata an yi shewa. Makaɗan suna sauraron mawaƙiya, suna sauraron 'yan amshi, suna kallon ƙafar mai rawa. A ra'ayinmu, rabin ƙarfin Barmani a hannun matan nan yake, kuma ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin kaset ba.

Akwai dalilin da ya sa mata suka ga dama a ƙwarya. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu sun yi rubutu kan hukuncin kiɗa da waƙa, sun kuma tsaurara a wurare da dama, Veit Erlmann ya tattara wannan a littafinsa na 1986. A ƙasar da malamai suke da irin wannan nauyi, kuma matan aure suke cikin kulle, shigo da makaɗi namiji da gangarsa har tsakar gida ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwarya kuwa tana ɗaki tun ranar jere. Ba a sayo ta a ɓoye ba, ba a ɓoye ta bayan an gama. Haka turmi da taɓarya suke zama lugude, haka daɓen ɗaki da dutsen niƙa suke da waƙoƙinsu. Matan Hausa sun gina makarantar kiɗa sukutum daga kayan aikin gida, babu wanda ya ba su izini, babu kuma wanda ya ga abin hanawa.

To, yau in ka bi bikin mata a Jega ko Maiyama, sau da yawa abin da za ka tarar lasifika ce babba da wani yaro da kwamfuta ko waya. Kuma abin da ke tashi daga lasifikar, wai shi ma kiɗan ƙwarya ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama uwa da uba a sutudiyoyin Kano, daga baya manhajoji irin FL Studio suka karɓa. Waƙoƙin biki irin waɗanda Ado Gwanja ya yi suna da su sun ɗauko tafiyar amada, sun kai ta inda ƙwaryar gaske ba ta taɓa zuwa ba. Ba za mu hana su haƙƙinsu ba. Gwanja yana da kunnen jin yadda mata ke magana a tsakaninsu, habaicinsu da kirarinsu, kuma yarinyar da ba ta taɓa ganin amada ido da ido ba ta san wannan taku ta dalilinsa. Ga sauƙi: ɗaukar DJ ya fi tara makaɗa biyar da ciyar da su araha.

Amma mu da aikinmu rubuta manhaja ne mun san abin da ke faruwa a cikin akwatin. Ana ɗaukar bugu guda, ko na ƙwarya ko na wani abu mai kama da ita, a adana shi a matsayin samfur. Sai a jera shi a kan layin awo, a ce wa kwamfuta bugu kaza a minti. Ita kuma ba ta san wasa ba. Bugu na farko da na dubu ɗaya suke, ƙarfi ɗaya, amo ɗaya, tazara ɗaya. Ba ta ɗumama, ba ta sassautawa, ba ta san uwar amarya ta shigo fili ba. Mawaƙi ne yanzu yake bin kiɗa, alhali a da kiɗa ne yake bin mawaƙiya. Ta ruwan kuwa an maye gurbinta da wani kauri na lantarki mai girgiza ƙofa, wanda yake da ƙarfi amma ba shi da danshi. Tsarin bugun yana nan, kamar yadda kiɗan Donizetti yake nan a bakin sarewa. Sai dai wanda ya san na asalin zai ji kamar an ba shi fura da madarar gwangwani.

Matsalar ma ta riga sutudiyon Kano. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Kebbi, kamfanonin kayan kiɗan lantarki suka amince da wani jeri mai suna General MIDI, mai muryoyi 128, domin kowane fiyano ya san abin da ake nufi in an kira lamba. A jerin nan sitar ta Indiya tana da lamba 105, kalimba 109, gangar taiko ta Japan 117. Har kwalbar da ake hura wa iska a baki tana da tata, 77. Babu kalangu, babu goge da sunansa, balle ƙwaryar ruwa. Yaron da ya zauna gaban fiyano a Kano yana neman amon gidansu dole ya ɗauki mafi kusa ya yi haƙuri. Da aka daɗe ana haƙurin, sai mafi kusan ya zama shi ne abin da kunne ya sani. Ba mu ce wannan jeri ne ya sa waƙoƙin fim suka yi ƙamshin Indiya ba, son finafinan Indiya ya girme shi nesa ba kusa ba, amma wanda ya sami sitar a ƙarƙashin yatsansa bai sami garaya ba, an riga an yi masa rabin zaɓi.

Sai kuma ita wayar da kake karanta wannan a kanta. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 zuwa wajen 20,000 a sakan. Amo mai kauri yana ƙasan wannan tsani, kuma fitar da shi sai an tura iska mai yawa. Lasifikar waya faɗinta bai wuce farce ba. Da zarar amo ya sauka ƙasa da kaɗawa 'yan ɗaruruwa, sai ta fara kasawa. Kukan gilashi yana can sama, daidai inda waya ta fi ƙarfi, shi ya sa bidiyon masu kofuna irin GlassDuo na ƙasar Folan yake fita tas ko a ƙaramar waya. Kayan kiɗan da manyan zauruka suka kashe saboda rashin ƙarfin murya, waya ta tashe shi. Tamu ƙwaryar ruwan, wadda ake jin ta daga bayan katanga uku, a waya ba ta nan. Abin da ya rage ƙwas-ƙwas ɗin sama ne kawai, kamar ana buga cokali a murfin tukunya.

Tun wajen ɗauka ma an cuce ta. Manhajar da ke kula da makirufon waya an gina ta ne a kan cewa muryar mutum ita ce abin nema. In ƙara ta yi yawa ta danne, in ta ragu ta ɗaga, a saƙon murya da kiran waya kuma abin da ba magana ba ana ɗaukarsa hayaniya ne a rage shi. Bugu mai ƙarfi da mai taushi sai su fito kai ɗaya. Wata ta ɗauki amada a Andarai ta tura a WhatsApp, an matse fayil ɗin, wata ta sake turawa, ya iso ga ɗan shekara goma sha takwas a Abuja. Ya saurara sakan goma ya ce wannan ai hayaniya ce. Bai yi ƙarya ba, abin da ya iso gare shi ke nan. Duk mai shakka ya gwada: ya sa Barmani a lasifikar waya, sannan ya sa waƙar a rediyon mota ko ya saƙala iyafis mai kyau. Ko da kaset ɗin ya tsufa, zai ji wani bene ya buɗe a ƙarƙashin kiɗan.

Asarar ba ta tsaya a kunne ba. A filin amada, mai waƙa mace, masu kiɗa mata, masu liƙi mata, kuɗin kuma yana komawa ɗakunan mata. Bazawara ko dattijuwar da ta iya hannu tana da abin yi daga kaka har bazara. A sabon tsari akwai mata masu murya, irin su Fati Nijar, amma mai haɗa kiɗa a sutudiyo kusan kullum namiji ne, mai lasifika namiji, mai janareta namiji. Kiɗan da mata suka ƙirƙira domin kada su buƙaci namiji a tsakar gida, yanzu sai sun biya maza uku kafin su ji kwaikwayonsa. An bar musu rawa da liƙi. Kuma da yake lasifika ba ta san iyakar katanga ba, abin da ake faɗa a da tsakanin mata zalla yanzu yana fita har bakin masallaci, sai rigima da masu unguwa ta biyo baya, a ce waƙar mata ta lalace. Waƙar mata dama can tana da barkono. Bango ne ya rushe.

Ba za mu ɗora wa sutudiyo laifin duka ba. Ko babu fiyano, ɗakin girki ya canza. Roba da silba da kula sun kori ƙwarya daga jere. Ko masu tallar nono, da yawa sun koma bokitin roba. Gyartai, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, yaran yanzu sai dai su ji sunansa a karin magana. Wannan ya fi komai yi wa kiɗan illa, domin darasin farko ba a filin biki ake koyonsa ba. A kasuwa ake koyonsa, lokacin da uwa ta ɗauki ƙwarya ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa ta kai kunne, ta ajiye ta ɗauki wata. Tsaga take nema, amma yarinyar da ke riƙe da gefen zanenta tana koyon bambancin amo mai rai da mataccen amo. Mai sayen roba launi kawai take dubawa. Haka injin niƙa ya tafi da waƙar niƙa, siminti ya tafi da ta daɓe, injin sussuka da na casa suna cin lugude a hankali.

Hannun dai bai mutu ba. A Mungadi ko Sambawa, in wuta ta ɗauke ko man janareta ya ƙare, za ka ga 'yan mata sun jawo jarka da bokiti da daro sun ci gaba, kuma tsarin bugun yana nan daram. Sai dai jarka muryarta toshe take, ba ta da ƙasa ba ta da sama, silba kuma tsiwa gare ta, tana rufe bakin mai waƙa. Wannan ba ya nufin sabon mazubi ba zai yi kiɗa ba. A Tirinidad, a shekarun 1930 da 1940, matasan unguwannin talakawa sun bi gwangwanaye da durom ɗin mai da guduma har suka fitar da muryoyi daban-daban a fuska ɗaya. A 1992 aka ayyana abin a matsayin kayan kiɗan ƙasa, kuma yana da lamba 115 a jerin nan da ya manta da mu. Bambancin shi ne su sun zauna sun daidaita amon durom. Mu har yanzu jarka maganin ɗaukewar wuta ce, ba wanda ya tsaya ya ji ko rabin ruwa a cikinta zai gyara ta.

A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, cike da ɗalibai masu kwamfuta, wasunsu suna haɗa kiɗa a ɗakunan kwanansu da samfuran da suka sauko da su daga intanet, na Amurka da Legas da Afirka ta Kudu. Tsakaninsu da matan da suka iya ƙwaryar ruwa bai wuce tafiyar kabu-kabu ba. Aikin ba ya buƙatar tallafin wata ƙungiya. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin siminti, domin ba ya mayar da amo. Makirufo biyu sun isa, ɗaya kusa da bakin ruwa, ɗaya sama da busassun, a kashe duk wani abin da ke daidaita ƙara da kansa. Kowace ƙwarya a buga ta a hankali, a buga tsaka-tsaki, a buga da ƙarfi, kowanne sau goma ko fiye, domin manhaja ta riƙa zagayawa a tsakaninsu maimakon maimaita guda. Ta ruwan a ɗauke ta da iska cike, a rage a sake, a rage a sake.

Wannan zai gyara wa masu sutudiyo amo, amma ba zai kama sauraron juna ba. Don haka bayan guntaye sai a bar su su yi waƙa cikakkiya, minti ashirin ko talatin, ba yankewa, ba agogon kwamfuta a kunnensu, da 'yan amshi da masu guɗa. A rubuta sunan kowace makaɗiya da garinsu a jikin fayil in ta yarda, a biya ta kafin a naɗe waya, a kuma yi magana tun farko kan rabonta in wani ya ci kasuwa da hannunta. Lokacin da ya dace shi ne daga tsakiyar hunturu zuwa cirar albasa, sabuwar ƙwarya ta bushe, hannu kuma ya warware da bukukuwa. Ɗinkakkiyar ƙwarya ma a ɗauke ta daban in an samu, domin ɗinkin gyartai yana ba ta wata 'yar ziza a ƙarshen bugu wadda sabuwa ba ta da ita.